Shekara Goma Sha Biyu Ba Mu Je Salaga Ba

A watan nan mahaifina, Malam Idi, ya cika shekara goma sha biyu da rasuwa. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Idan ka shiga Zongon Kumasi ka tambayi gidan Malam Idi, za a ce maka wanne daga ciki. Amma ka ce Baba Mai Karnuka, ko wanda aka haifa bayan rasuwarsa zai nuna maka ƙofarmu. Ni ce 'yarsa Adiza, mai sayar da shinkafa da wake, wanda a nan ake kira waakye, a unguwar Adum, kuma na daɗe ina fatan sunan nan ya bi mai shi ya ƙyale mu. Bai ƙyale mu ba. Bana ma ni da kaina na ɗauki karya na ratsa tasha da ita, kuma abin da na tarar a ƙarshen tafiyar ne ya zaunar da ni rubutun nan. Kunya nake ji, ba zan ɓoye ba.

Baba maharbi ne. Da rani yakan fita da karnukansa can wajen Ejura, ya dawo da zomo da gada da gyazbi, wanda mutanen nan ke kira akrante. Da naman nan aka raine mu. Amma duk wanda ya tashi a Zongo ya san matsayin kare a wurinmu: abin jifa ne. Mata na tattare zane idan za su wuce ƙofarmu. Maƙwabta ba sa aron turminmu, ko da nasu ya tsage. A makarantar allo kuwa, in faɗa ya haɗa ni da wata, ba ta buƙatar zagi mai tsawo, haushi ɗaya za ta yi mini a gama dariya. Baba ya je wurin malamai tun da ƙuruciyarsa, sun tabbatar masa addini bai hana ajiye karen farauta ba. Ya yi musu shinge a bayan gida, kwanonsu daban, rigar dajinsa daban da ta masallaci. Duk da haka bakin mutane bai mutu ba.

Shi kuma bai taɓa mayar wa kowa magana ba. Sai dai a sunayen karnukansa yake rama kayansa. Akwai Bakinsu, akwai Sun-gaji, akwai Ƙyale-su. Da safe, daidai lokacin da matan unguwa suka taru a famfo, sai ya leƙa bayan gida ya ɗaga murya: "Bakinsu! Sun-gaji! Ƙyale-su!" Karnuka su taho da gudu suna kaɗa jela, matan famfo su yi tsit, ni kuma in ji kamar ƙasa ta buɗe in shige. Yanzu idan na tuna dariya nake yi, amma a lokacin ban ga abin dariya ba.

Karnukan nan suna da asali, kuma Baba ya fi sanin asalinsu fiye da yadda wasu suka san nasu. Kakanmu mutumin Nijar ne, ya biyo fataken goro ya sauko kudu da karnuka biyu irin na can, dogaye, siraran ciki, masu ƙafa kamar sanda. Da ya isa Salaga ya bar namijin a gidan mai masaukinsa, ya ƙaraso Kumasi da macen. To, karen arewa da ido yake farauta. A fili babu zomon da zai tsere masa, amma a nan kurmi ne, abin da ya shige ciyawa ya shige. Karnukan Tonawa kuwa, wato mutanen Asante, gajeru ne masu naɗaɗɗiyar jela, ba su da wani gudu, amma hancinsu ba ya kuskure. Sai kakanmu ya haɗa su. Abin da ya fito shi ne karen gidanmu: ƙafar arewa, hancin kurmi.

Baba ya gaji wannan, ya kuma gaji dokar da ke riƙe da shi. Dokar ita ce namiji ba ya balaga a gidanmu. Duk kwikwiyo namiji, da an yaye shi, kyautar da shi ake yi. Mata kaɗai ake ajiyewa. Idan lokacin barbara ya zo wa karya, sai Baba ya sa ta a wani akwatin katako mai tagogi da wani kafinta ya yi masa a Anloga, ya ɗora a ka, ya ratsa tasha a gaban idon kowa. Wannan karon ya kai ta wurin wani abokinsa maharbi Batone a ƙauyen Mampong, karo na gaba ya kai 'yarta Salaga, gidan Baba Seidu, ɗan mai masaukin kakanmu. Ba a biyan komai sai goro. Amma idan karya ta haihu, kwikwiyon da ya fara faɗowa na mai namiji ne, kuma mai karya ne zai kai masa har gida. Haka abin yake zagawa tun kafin a haife ni. Idan Baba na cikin nishaɗi yakan jero mana su ta wajen uwa, wance 'yar wance, ubanta na Salaga, wance 'yar wance, ubanta na Tonawa, har ya kai ga wadda ta biyo fatake. Ni dai ina jinsa ne kawai, hankalina na kan ranar da za a daina kirana 'yar gidan karnuka.

Da Baba ya rasu, Baba Seidu ya zo ta'aziyya tun daga Salaga. Ya leƙa bayan gida ya daɗe yana kallon karnukan. Da zai tafi ya ce da mu, "To, sai kun zo." Muka ce Allah ya kiyaye hanya. Mun ɗauke ta sallama ce irin ta kowa.

Yayana Mumuni ne ya karɓi karnukan. Makaniki ne, ba maharbi ba, amma yana son Baba sosai, kuma so ne ya kai shi ga abin da ya yi. A lokacin akwai wata karya mai shayarwa, da maza biyu cikin 'ya'yanta. Yaya ya ce ba za a kyautar da su ba. "Wannan jinin Baba ne," in ji shi. "Ba zan bari ya gauraya da na kowane karen ƙauye ba. Mu ma ai ɗan wa ke auren 'yar ƙani don kada gida ya watse." Kowa ya gyaɗa kai. A wurinmu asali abin tsarewa ne, kuma maganar ta yi kama da biyayya ga mamaci. Akwai kuma abin da ba wanda ya furta: in dai akwai namiji a gida, babu wanda zai sake ɗaukar akwatin nan a ka ya ratsa tasha. Mun manta cewa ko auren zumuncin da muke taƙama da shi bai taɓa haɗa wa da ƙanwa ba. Mun kuma manta cewa jinin da muke tsarewa daga gauraya, gaurayar ce ta yi shi tun farko.

Haihuwar farko ba mu ga komai ba, har Yaya na ta murna sun yi kama da na Baba sak. Daga ta biyu abin ya fara nunawa. Karyar da uwarta ke zuba 'ya'ya cike da kwando sai ta haifi uku, biyu su mutu kafin su buɗe ido. Wani ya fito da muƙamuƙi a karkace. Wata ba ta ji, sai ka taɓa ta take sanin ka zo. Ciwon da dā ba ya kwantar da karen gidanmu ya zama yana kwashe su. Hausawa na cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, amma a bayan gidanmu na ga ya yi. Yaya ya zargi abinci, ya zargi bakin mutane, har turare ya yi a shingen. Sai da wata likitar dabbobi ta zo, ta tambaye shi wane ne uban wannan, wane ne uban uwarta, ya nuna mata kare ɗaya. Ta ce masa ba sai ta duba komai ba, ga ciwon nan ya faɗa da bakinsa. Garin neman gira mun rasa ido.

Nakan tambayi kaina me Baba zai ce da zai leƙo Kumasi ta yau. 'Ya'yan matan da ke tattare zane a ƙofarmu, waɗanda Allah ya buɗa wa suka gina gidaje a bayan gari, yanzu su ne ke sayen manyan karnukan Turawa su ɗaure a bakin get, har da sabulun wankansu na musamman da takardar asali. Na gida kuwa sunansa karen bola. Dajin da Baba ke farauta ya zama gonaki da filaye. Ɗana ya nuna mini a waya cewa a ƙasashen waje ana ɗiban yawun kare a gwada, a faɗa maka daga ina kakanninsa suka fito. Na san Baba ba zai yi musu da wannan ba, mutum ne mai son sabon abu. Zai gyara zama ya ce a gwada nasa, ya ji ko na'urar za ta ambaci Nijar da Salaga da Mampong. Abin da ba na son tunawa shi ne fuskarsa idan aka gwada na bayansa, aka ce duk inda aka juya sunan gida ɗaya ke fitowa.

Shekara biyu da suka wuce Yaya Mumuni ya koma Accra da aiki, ya bar mini abin da ya rage: namiji ɗaya mai tari, da mace ɗaya da ya raɗa wa tsohon sunan nan, Ƙyale-su. Da ƙanzon tukunyata nake ciyar da su. Namijin ya mutu da damina. Ƙyale-su ta fara manyanta, kuma likitar ta ce mini in ina son ta bar baya, to lokacin barbararta na gaba kusan shi ne na ƙarshe. Magana ta fito fili ke nan. Ko in kai ta Salaga, ko abin da ya biyo fataken goro ya ƙare a hannuna.

Ku fahimce ni, ni mai sayar da abinci ce. Mai abinci da tsabta take ci, ba wadda take yi kaɗai ba, har da wadda ake zaton tana yi. Rabin masu cin abincina a Adum direbobi ne da 'yan kasuwar Race Course, tashar da zan shiga mota. In suka gan ni da kare, gobe wa zai miƙo mini kwano? Na yi ta juya abin a raina ina fatan lokacin ya ƙi zuwa. Amma rana ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya. Na ciro akwatin Baba daga ƙarƙashin tarkace, na kai Anloga aka sake masa ƙasa, na sa Ƙyale-su a ciki, na lulluɓe shi da tsohon zane ruf, kamar mai kai kayan biki.

A tasha direba ya kama akwatin zai ɗora, sai ya ji motsi. Ya ce, "Hajiya, mene ne yana ciki?" Na ce kaya ne. Ƙyale-su kuwa ta zaɓi wannan lokacin ta yi kuka. Ya ja da baya ya buɗe murya yadda duk tasha za ta ji: "Ei! Hajiya mai waakye, kraman ne! Kare ne fa!" Kawuna suka juyo. Na ga fuskoki uku da na zuba wa abinci jiya-jiya. Wata mata ta janye kayanta daga kusa da nawa. Na ja mayafi na rufe rabin fuskata, na shige can ƙuryar mota, ban ɗago ba har muka wuce Ejura. A Yeji muka hau jirgin ruwa muka haye, ina zaune kusa da akwatin ina yi kamar ba nawa ba.

Na tarar da Baba Seidu ya tsufa ƙwarai, idonsa ya yi rauni, yana zaune a kan buzu a inuwar ɗorawa. Na durƙusa na gaishe shi na ce ni ce Adiza 'yar Idi ta Kumasi. Bai ce ina kuka shige ba. Bai ce sai yau ba. Ya ce, "Sannu da hanya, 'yata. Kin zo da ita?" Na buɗe akwatin. Ya shafa kanta, ya shafa ƙirjinta da ƙafafunta. Sannan ya juya wajen bayan gida ya kira da muryar tsufa: "Za-su-zo!"

Wani dogon kare ja ya fito yana miƙa. Na ce a raina, ashe su ma irin Baba ne wurin raɗa suna, ko da wa ake habaicin? Matar Baba Seidu ce ta ba ni amsa, muna zaune tana dama mini fura, kuma ba da faɗa ta faɗa ba. Ta ce wannan shi ne na uku mai sunan. Na farko shi aka ware wa Kumasi a shekarar da Baba ya rasu. Ya tsufa ya mutu ba a zo ba, sai aka ba ɗansa sunan, shi ma ya mutu, aka ba jikansa. Masu saye sun zo, Baba Seidu ya ce wannan yana da masu shi. Na ce, "Inna, me ya hana ku aiko mana?" Ta ce, "Ai mai namiji ba ya kira, 'yar nan. Mai karya ke zuwa. In ya kira ya zama roƙo." Sai ta ƙara da abin da ban taɓa tunani ba. Ta ce karnukansu ma sun lalace. Gudu na nan, amma hanci ya tafi, sai zomo ya kwanta a gabansu cikin ciyawa su tsallake shi su wuce. Hancin nan daga kwikwiyon Kumasi yake zuwa musu, kuma rabonsu da shi shekara goma sha biyu.

Na ajiye ƙwaryar furar. Duk tsawon shekarun nan mun ɗauka Baba ne ke zuwa Salaga neman alfarma, in mun daina zuwa mu kaɗai muka yi asara, kuma asararmu ce, ba ruwan kowa. Ashe akwai wani tsoho a nan yana buɗe baki kullum safiya yana cewa za mu zo, a gaban iyalinsa da maƙwabtansa, mu kuwa muna can muna lissafin wa zai gan mu a tasha. Kunyar da na ji a Race Course wasa ce. Waccan ta mayafi ce, a ja a rufe. Wannan babu abin rufe ta.

Na yi kwanaki a gidan har abin da ya kai ni ya tabbata, na dawo. Wasu daga cikin masu cin abincina sun ɗauke ƙafa, wasu sun dawo da tsokana, wani har yana tambaya ko naman miyata yana haushi. Na ce masa in bai ji haushi a cikinsa ba ya ci gaba da ci. Bayan wata biyu Ƙyale-su ta haihu. Biyu ta haifa. Ta farkon mace ce, ja kamar ubanta, mai ƙarfin tsotso. Na biyun bai kwana ba.

Na kira Yaya Mumuni na faɗa masa. Ya yi murna ƙwarai, sannan ya ce, "Ki riƙe ta, Adiza. Ita kaɗai ce fa. Baba Seidu zai gane." Na san zai gane, abin da ya fi damuna ke nan. Da zan riƙe ta ba zai ce uffan ba, zai dai ci gaba da kiran karensa da safe. Na ce wa Yaya ta farko ta mai namiji ce, ba mu muka kafa dokar ba, kuma mun ga abin da gyaranmu ya haifar. Ya ce Allah ya sa haka ya fi alheri.

Da aka yaye ta na sake ɗaukar akwatin. Wannan karon ban lulluɓe shi ba, ba don na zama jaruma ba, sai don zafi ake yi kuma 'yar ƙarama ce. Direban nan ya gan ni ya ce, "Hajiya, kin dawo kuma?" Na ce na dawo, ya ɗora mini a hankali. Ya ɗora.

Idan na auna abin da ya rage na Baba, ba shi da yawa a ido. Bindigarsa ta tafi, rigar dajinsa ta ruɓe, dajin ma ya tafi. A bayan gidanmu saura tsohuwar karya ɗaya wadda ba za ta sake haihuwa ba, kuma ranar da ta mutu za a rushe shingen a yi ɗakin haya, maƙwabta su huta. Sai akwatin katako, da hanyar da yake bi da shi. An ce zumunta a ƙafa take, kuma Baba ya taka tasa da kare a ka, bai taɓa sunkuyar da kai ba. Ɗan Baba Seidu ya ce in kwikwiyar da na kai musu ta girma, su ne masu karya, su za su zo, amma sai in samo musu namiji a wajen Tonawa. Ban san ko gidan abokin Baba na Mampong yana nan ba. Zan je in tambaya, tunda ba a fafe gora ranar tafiya.

Ranar da na miƙa wa Baba Seidu kwikwiyar, ya ɗora ta a cinya, ya kai yatsa wajen hancinta, ta bi shi da sansana har cikin hannun rigarsa inda ya ɓoye ɗan ƙashi. Ya yi dariya har da tari. Matarsa ta tambaye shi wane suna za a sa mata. Na sunkuyar da kai ina jira, don na san abin da muka cancanta, kuma da Baba ne mai raɗin da ba mu sha da daɗi ba. Tsohon ya shafa bayanta ya ce, "Sun-zo."

Allah ya jiƙan Malam Idi. Mun je, Baba. A makare, amma mun je.